Layin Dogon Tsaunukan Andes da Kasuwannin da Ya Ratsa: Wa Aka Shimfiɗa Wa Shi?

A garin Juliaca da ke kudancin ƙasar Peru, layin dogo ta tsakiyar kasuwa ya bi. Rumfuna sun matse shi hagu da dama, wasu 'yan kasuwar ma a tsakanin ƙarafan biyu suke baza hajarsu, daga lemo da tsofaffin littattafai har kusoshi da kayan gyaran mota. Idan jirgin da ya taso daga Cusco zuwa Puno ya iso, sai ya rage gudu yana ta busa, masu rumfa su janye inuwarsu, jirgin ya bi ta saman kayan da ke ƙasa bai taɓa ko ɗaya ba. Tarago na ƙarshe na wucewa, kasuwa ta sake haɗewa kamar ba a yi ba. Waɗanda ke cikin jirgin baƙi ne 'yan yawon buɗe ido, suna leƙe ta taga suna ɗaukar hoto. Masu kasuwar kuwa, in tafiya Puno ta kama su, mota suke shiga, don kuɗin kujera ɗaya a jirgin ya ninka na bas sau da yawa.

Duk wanda ya karanta tallan kamfanonin yawon buɗe ido zai ɗauka jirgin ƙasa da kasuwannin Andes abu ɗaya ne, ka hau wannan ya sauke ka a waccan. Ba haka zancen yake ba. Kasuwannin sun girmi dogon nesa ba kusa ba, kuma buƙatar da ta haife su daban take da wadda ta sa aka fasa duwatsu aka ja layin. Sai an raba su biyu, an dubi kowanne da asalinsa, sannan za a gane abin da ya sa suke gefen juna amma kowa da harkarsa.

Ƙasar ita ce mafarin komai. Jerin tsaunukan Andes ya miƙe kimanin kilomita 7,000 a yammacin nahiyar Amurka ta Kudu, ya ratsa ƙasashe bakwai. A can, tudu ne ke yanke wa manomi abin da zai shuka. Duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da kusan digiri 6, saboda haka mutum kan iya barin gari mai ayaba da safe, ya kwana inda ruwa ke daskarewa. A kwaruruka masu ɗumi na gabas ake samun ganyen koka (wanda ake taunawa ko a yi shayi da shi, kuma daga shi ake tace hodar iblis), barkono, kofi da 'ya'yan itace. Masara na yi har zuwa wajen mita 3,500. Sama da nan sai dankalin turawa da danginsa, wanda asalinsa ma daga waɗannan tsaunuka ya fito, kuma Cibiyar Binciken Dankali ta Duniya da ke Lima na adana da iri sama da 4,000. Idan aka haura mita 4,000 noma ya kusa ƙarewa, sai filin ciyawa mai sanyi inda ake kiwon lama da alfaka, dabbobin nan 'yan uwan raƙumi marasa tozo.

Ke nan babu wani mataki na tudun da zai iya ciyar da kansa. Makiyayin sama yana da nama da ulu amma ba shi da masara. Manomin kwari yana da masara, ba shi da abin rufa. Masanin nan John Murra ya nuna cewa kafin zuwan Turawa al'umma guda kan zaunar da 'ya'yanta a matakai daban-daban na tudu, domin a riƙa turo wa gida amfanin kowane wuri. A zamanin daular Inka ma, wadda ta mulki yankin kafin zuwan Sifaniyawa, ba kasuwa ce ta fi rarraba kaya ba, rumbunan hukuma ne da aikin gayya na dole da kuma musaya tsakanin dangi. Da Sifaniyawa suka ci ƙasar daga 1532, sai suka canza tsarin. A shekarun 1570 wakilin sarkinsu, Francisco de Toledo, ya tattara mutanen da ke warwatse a ƙauyuka ya zaunar da su a sababbin garuruwa, kowanne da coci da dandali a tsakiya, aka kuma ɗora musu haraji. Mai neman kuɗin haraji dole ya sayar da wani abu, wanda aka tilasta wa zuwa coci ran Lahadi kuwa ba zai sauko daga dutse hannu rabbana ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa har yau da yawa daga kasuwannin nan ran Lahadi suke ci, a dandalin da ke gaban coci: Pisac da Chinchero kusa da Cusco, Huancayo a tsakiyar Peru, Tarabuco a Bolibiya.

Tsohon tsarin bai mutu ba, a cikin kasuwa ya ɓuya. A Chinchero, da kuma kasuwannin kwarin Lares, har yanzu ana cinikin ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda. Mace ta sauko daga tudu da ƙunshi a goye cikin zane mai ratsi-ratsi, ta zauna a ƙasa ta kwance shi: dankali ne da chuño, wato dankalin da aka shanya a daren sanyin Yuni da Yuli ya daskare, aka tattake shi da ƙafa ruwansa ya fita, rana ta busar da shi har ya zama kamar tsakuwa, yana iya shekaru bai lalace ba. Wata kuma daga kwari ta kasa lemo da barkono da ganyen koka kashi-kashi. Ba sikeli, ba kuɗi. Wannan ta tura kashinta, waccan ta duba ta ƙara tafi guda, in an daidaita a ɗora gyara, abin da suke kira yapa. Yawanci da harshen Kecuwa ake wannan ciniki, kuma mata ne ke riƙe da shi. Wannan ita ce kasuwar ainihi, kuma kaya a cikinta sama da ƙasa suke zirga-zirga, tsakanin tudu da kwari.

Shi kuwa dogo, teku ya nufa tun ranar farko.

A tsakiyar ƙarni na 19 Peru ta samu kuɗi kamar ƙasa daga sayar wa Turai kashin tsuntsayen teku da ya taru a tsibiranta, wanda ake takin gona da shi. Masu mulki a Lima suka ce za su mai da takin nan ƙarfe. Suka ci bashi a Landan, suka ba wani Ba'amurke ɗan kwangila, Henry Meiggs, aikin jan dogo zuwa cikin tsaunuka, injiniya Ernest Malinowski ɗan ƙasar Poland ya tsara hanyar tsakiya. Aka fara a 1870. Abin da suka sa a gaba ko a yau abin mamaki ne: daga tashar jiragen ruwa ta Callao, a bakin teku, layin ya hau zuwa mita 4,781 a ramin Galera cikin tafiyar da ba ta fi kilomita 175 ba. Jirgin ƙasa ba ya iya hawa a tsaye, kwarin kogin Rímac kuma ya yi matsi da yawa balle a yi masa kwana mai faɗi. Sai aka yi dabara: jirgi ya shiga wani reshe har ƙarshensa ya tsaya, ma'aikaci ya juya masa layi, ya koma da baya yana hawa wani reshen, ya sake tsayawa, a sake juyawa ya yi gaba. Haka yake hawan fuskar dutse cikin siffar harafin Z. Tsakanin Lima da Huancayo akwai ramuka sama da sittin da aka huda a cikin duwatsu, da gadoji sama da hamsin. Gadar Infiernillo daga bakin wani rami ta fito ta faɗa bakin wani, kogi na ruri a ƙarƙashinta. Fiye da shekara ɗari babu dogon da ya kai wannan tudu a duniya sai wasu a Bolibiya da Chile da ke gogayya da shi, har Sin ta buɗe na Tibet a 2006.

Rayuka aka biya. Leburorin da aka kwaso daga Chile da Sin da cikin Peru sun mutu dubbai, mafi yawa ba dutse ne ya kashe su ba, wani zazzaɓi ne da ɗan mitsitsin ƙwaro mai cizon dare ke yaɗawa a kwarin, wanda ke cinye jinin mutum. Waɗanda suka tsira kan fito da ƙuraje masu jini. A 1885 wani ɗalibin likitanci, Daniel Alcides Carrión, ya sa aka yi masa allura da jinin irin wannan ƙurji don ya bi diddigin cutar a jikinsa. Zazzaɓin ya kama shi, ya rasu ran 5 ga Oktoba, mutuwarsa ta nuna cewa ƙurajen da zazzaɓin cuta ɗaya ce. Yau cutar sunansa take amsawa, haka ma gadar Verrugas inda annobar ta fi ɓarna.

Kuɗin taki ya ƙare kafin aikin. Peru ta kasa biyan bashi a 1876, Meiggs ya mutu a 1877, yaƙi da Chile ya ɓarke a 1879. A 1890 ƙasar ta miƙa layukanta ga masu bin ta bashi na Ingila, ƙarƙashin kamfanin Peruvian Corporation, na tsawon shekara 66. Su suka kai layin La Oroya a 1893, ya isa Huancayo a 1908. Reshen da ya fi kawo kuɗi shi ne wanda ya nufi ma'adinan Cerro de Pasco, kuma a 1922 wani kamfanin Amurka ya buɗe matatar narka ƙarfe a La Oroya. Jan ƙarfe, dalma, tutiya da azurfa su ne fasinjojin gaske na wannan jirgi, har gobe. Garin La Oroya ya ɗanɗana kuɗarsa: an sha samun dalma mai yawa a jinin yaransa, kuma a 2024 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta nahiyar Amurka ta bayyana hukuncin da ya ɗora wa gwamnatin Peru alhakin hakan. A kudu, layin da ya tashi daga tashar ruwa ta Mollendo ya bi Arequipa, ya kai Puno a bakin tafkin Titicaca a 1874, ya kai Cusco a 1908, ulun alfaka da na tumaki yake sauko da shi zuwa masaƙun Ingila. Labarin ba baƙo ba ne a wurinmu. Dogon da ya iso Kano a 1911 don kwashe amfanin gona zuwa Ikko aka ja shi, auduga Turawa suka yi tsammani gyaɗa ta ƙwace taragun.

Sai dai rashin adalci ne a ce dogon bai amfani kasuwa ba. Inda duk jirgi ya tsaya, mutane sun san yadda za su ci moriyarsa ko da ba don su aka kawo shi ba. Ya kashe wasu kasuwanni, ya raya wasu. Kafin zuwansa, babbar kasuwar shekara ta yankin Puno a ƙauyen Vilque take ci, inda fatake ke kawo alfadarai tun daga arewacin Ajantina, dillalai ke sayen ulu. Da dogo ya zo, ciniki ya koma mahaɗar layuka, Vilque ta dusashe, Juliaca da ba kowa ba ce ta zama cibiyar kasuwancin yankin baki ɗaya. A kwarin Mantaro ma haka: Jauja ce tsohuwar babbar alkarya, har ta taɓa zama hedikwatar Sifaniyawa ta farko a Peru, amma Huancayo ta sha gabanta. Manoman kwarin, waɗanda da yawansu ke riƙe da gonakinsu na gado, suka samu hanyar kai dankali, masara da kayan lambu sansanonin ma'adinai da birnin Lima.

Kasuwar Lahadi ta Huancayo, a tudun mita 3,250, daga nan ta bunƙasa. Tana cika titin Huancavelica tsawon layuka da dama, kuma kowane ƙauye na kwarin da sana'ar da aka san shi da ita. Hualhuas masaƙa ne, barguna da dardumar ulu suke kawowa. San Jerónimo de Tunán maƙeran azurfa ne masu aikin zare-zare. Mutanen Cochas kuwa duma suke sassaƙawa: mai sana'ar ya riƙe ɗan gora a tafin hannu, ya bi shi da ƙaramin ƙarfe mai tsini yana zana girbi, biki ko taron rawa, mutane da dabbobi cunkus a wurin da bai fi faɗin hannu ba, sannan ya ɗauko itace mai garwashi a kai yana hurawa yana ƙona wuraren da yake so su yi duhu. Duman ba ya yi a sanyin kwarin, daga gaɓar teku mai zafi ake hauro da shi, wato ko wannan sana'a ma 'yar musayar tudu da gangare ce.

Layi ɗaya ne a Peru za a ce na talakawa ne tun asali, wanda ya haɗa Huancayo da Huancavelica, kilomita 128, aka buɗe a 1926. Suna kiransa Tren Macho, kuma kirarin da suka yi masa shi ne yana tashi lokacin da ya ga dama, ya isa lokacin da ya iya. Huancavelica na cikin yankunan da suka fi talauci a ƙasar, duk da cewa zaibar da aka haƙo a dutsenta ce aka tace azurfar Potosí ta ƙasar Bolibiya da ita ɗaruruwan shekaru. A wannan jirgi ne aka saba ganin buhunan dankali da kaji a tsakanin kujeru, a tashar Izcuchaca mata su shigo da kwandunan burodi suna talla. Shi ne kuma wanda aka fi bari ya lalace, zaftarewar ƙasa da tsufan kayan aiki sun sha tsayar da shi na dogon lokaci. A ganina wannan shi ne abin takaicin duka labarin: layin da ya fi kusa da rayuwar mutane shi ya fi rasa mai kula da shi, don ba ya ɗauko ma'adini ba ya ɗauko dala.

Yadda aka kai ga haka ba wani boyayyen abu ba ne. Titin mota ya bi kwarin da dogo ya bi, bas na zuwa Huancayo daga Lima cikin awa bakwai ko takwas, jirgi kuwa sai ya ci goma sha biyu ko fiye. Babbar mota na shiga ƙauyen da dogo bai san da zamansa ba. Gwamnatin soja ta karɓe layukan a 1972, ba ta zuba musu kuɗin gyara ba, 'yan tawayen Sendero Luminoso kuma suka riƙa kai musu hari a shekarun 1980. Da aka miƙa su ga 'yan kasuwa a 1999, kowane kamfani ya riƙe abin da ke kawo riba. A layin tsakiya ma'adinai ne, jirgin fasinja daga tashar Desamparados ta Lima sai jefi-jefi, 'yan lokuta a shekara. A kudu baƙi ne. Kamfanonin PeruRail da Inca Rail na jigilar masu zuwa Machu Picchu, kufan wani tsohon garin Inka da ke kan dutse, kuma da yake babu titin mota da ya shiga Aguas Calientes, garin da ke gindin kufan, duk wanda ba zai taka da ƙafa ba dole ya biya. An ware jirgi mai rahusa ga 'yan ƙasa masu katin shaida, abin a yaba, amma samun tikitinsa kan zama wahala. Mazauna yankin sun gane cewa wannan layi shi ne maƙogwaron arzikin, shi ya sa in ransu ya ɓaci kansa suke zama, kamar yadda aka gani a 2023 da 2024 lokacin da aka dakatar da jirage baƙi suka maƙale.

Ƙasar Ikwado, maƙwabciyar Peru, ta bi wata hanya ta ƙare a wuri mafi muni. Nata dogon ba don ma'adini aka yi shi ba, Shugaba Eloy Alfaro so ya yi ya ɗinke Guayaquil ta bakin teku da Quito ta kan tudu, aka kammala a 1908, tafiyar kusan mako biyu a kan alfadari ta koma kwana biyu. Leburori daga Jamaika ne suka sassaƙa hawan dutsen nan da ake kira Hancin Shaiɗan, kusa da Alausí, da yawansu a nan suka kwanta dama. Garuruwa irin su Guamote, mai kasuwar Alhamis ta dabbobi da hatsi, da jirgin suka girma. Bayan ambaliya da sakaci sun karya layin, gwamnati ta kashe maƙudan kuɗi daga 2008 ta farfaɗo da shi, amma don 'yan yawon buɗe ido kaɗai, ba fasinjan gari ba kaya. Annobar korona na zuwa baƙi suka ɗauke ƙafa, a 2020 aka rushe kamfanin jiragen. Kasuwar Guamote kuwa ba ta fasa ci ba, haka ta Saquisilí, haka ta Otavalo ran Asabar, wadda masaƙanta ke kai hajarsu har Turai da Amurka da kansu. A Bolibiya, abin da baƙi ke zuwa kallo a Uyuni maƙabartar jirage ce, tsofaffin injuna da tsatsa ke ci a bakin filin gishiri tun bayan da kasuwar ma'adinai ta faɗi.

Wanda Allah ya nufa da zuwa can, ranakun kasuwa zai fara dubawa kafin jadawalin jirgi, don sau da yawa mota ce za ta kai shi. Ya kuma yi sammako. A Pisac da Otavalo kasuwa biyu ce a wuri ɗaya: ta tsaraba, mai huluna da mayafai, wadda ke cika idan motocin baƙi sun iso da hantsi, da ta abinci da dabbobi da ke ci tun asuba a gefe ko a bayan gari. Ta biyun ce za ta nuna masa yadda mutane ke rayuwa. Tayi ya halatta, amma ba ya da kyau mutum ya tsaya yana ja-in-ja kan 'yan kuɗi kaɗan da matar da ta share watanni tana saƙa zane ɗaya, kuma a nemi izini kafin a ɗauki hoton kowa.

Tudun ba abin wasa ba ne. A Galera, kowane numfashi ɗan abin da ya haura rabin iskar oksijin da ake samu a bakin teku yake kawowa, shi ya sa jirgin Huancayo ke tafiya da ma'aikacin jinya da tukunyar oksijin. Ciwon kai, tashin zuciya da rashin barci su ne alamun farko na ciwon tudu, wanda suke kira soroche, kuma ba ruwansa da ƙarfin mutum. Cusco na kan mita 3,400, Puno ta haura 3,800, don haka ya fi sauƙi a fara kwana a Ollantaytambo, mai mita 2,800, kafin a haura. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko sikila ya ga likita tun daga gida. Musulmi kuma ya tambaya kafin ya ci: soyayyen naman da ake kira chicharrón alade ne, chicha ta masara mai tsami giya ce. Kifin tafki, dafaffiyar masara mai manyan ƙwayoyi da cuku, da miyar ganye da kinuwa (wani hatsi mai ƙananan ƙwayoyi) sun wadatar. Za a miƙo masa shayin ganyen koka don sauƙin numfashi, wanda doka ta yarda da shi a Peru da Bolibiya, amma kada ya kuskura ya sa ko ganye ɗaya a jaka zai dawo da shi, domin a filayen jiragen sama na yawancin ƙasashe haramtaccen kaya ne.